'Yar Goggo Za Ta Habasha

A Tudun Wada, in ka tambayi gidan Suwaibatu mai markaɗe, ba wanda zai wahalar da kansa da kwatance. Cewa za a yi ka tsaya ka kasa kunne. Shekara ashirin da ɗoriya tana magana a kan ƙarar inji, har muryar ta zauna mata a haka, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka rabon faɗa ta zo. Tun da hantsi mata ke taruwa wurinta da bokitan wake da na tattasai, kuma kafin layi ya zo kan mace, an gama yi mata shari'ar duk abin da ya hana ta barci. Suwaibatu ce alƙali, ita ce shaida, ba a kuma ɗaukaka ƙara.

A wata ruga wajen Dukku aka haife ta. Aure ya kawo ta Gombe, gidan Malam Hudu direban babbar mota, mutum mai sanyin hali wanda ya saya mata injin don kada kaɗaici ya dame ta in ya yi tafiya. Ta zo birni da kayan ɗakinta da kuma kunyar Fulani, wadda ta fi kayan nauyi. Da ta haifi 'yar fari aka raɗa mata Hikima, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ana yaye yarinyar, Goggo Batul, yayar Hudu, ta goya ta zuwa unguwar Madaki. Daga ranar, in maganarta ta kama dole, sai Suwaibatu ta ce "'yar Goggo". Ita kuwa yarinyar ta tashi tana kiran uwarta Adda, kamar yadda ta ji ƙannen uwar suna kiranta.

Wanda bai san al'adar ba zai ce babu ƙauna. Ƙarya yake yi. Duk Juma'a sai ta aika da ƙullin ƙosai mafi laushi zuwa Madaki, wai na Goggo ne, alhali kowa ya san Goggo ba ta cin abin mai. Ranar da aka ce Hikima ta gama jami'a, Suwaibatu ta kashe inji da rana tsaka, ta ce bel ne ya tsinke, ta shige ɗaki ta yi kukan daɗi ita kaɗai.

Hudu ya rasu kafin ƙasa ta rikice. Sai ga mata suna kwararowa Gombe daga Gwoza da Damboa da Buni Yadi, wasu ko takalmi babu. Hikima ta kama aiki da wata ƙungiyar mata, tana bin su gida gida, tana zama a tabarma tana rubuta abin da suka gani da abin da suke so a yi. Ba ta taɓa ba uwarta labarin aikin ba, uwar ma ba ta tambaya ba. A bakin inji take tsintar labarin, tana yi kamar hankalinta na kan dutsen niƙa.

Bayan ƙaramar salla, a shekarar da bam ya tashi a kasuwa ana sayayyar salla, takarda ta zo. An zaɓi Hikima ta je Addis Ababa, a ƙasar Habasha, taron matan Afirka, inda za a yi maganar ba mata kujera a majalisun da ke yanke wa nahiyar hukunci, musamman na sulhu da zaman lafiya. Ita za ta kai maganar matan da ta rubuta. Sai dai tun rasuwar Hudu, ba abin da ake yi a dangin sai da yardar yayansa, Baffa Inuwa, kuma Baffa ya ce a'a. Ba mugunta ba ce. Ɗansa Shafi'u ya je tashar mota karɓo saƙo, bam ya rutsa da shi, kuma tafiyar Hikima daga tasha za ta fara, mota har Abuja kafin jirgi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Goggo Batul da za ta tsaya mata ta rasu bara. Ƙungiya na jiran amsa ranar Litinin, Baffa ya kira dangi ranar Asabar don a rufe maganar.

Ranar Juma'a da safe Lois ta zo da masararta. 'Yar Gwoza ce, ta iso Gombe da yara uku, ba miji, ba labarinsa. Ta jira aka kashe inji, sannan ta matso.

"Maman Hikima, wai gaskiya ne ba za ta je ba?"

Suwaibatu ta kau da kai. Lois kaɗai ke kiranta haka, ita kuwa ta yi faɗan har ta gaji.

"Maganar maza ce. Ni ina ruwana da 'yar Goggo?"

"Kwana uku ta yi tana zuwa wurina," in ji Lois. "Abin da ban gaya wa ko fasto ba na gaya mata, don ta ce za ta kai shi inda manya suke. In ba ta je ba, wa zai faɗi namu? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Mama."

Suwaibatu ta juye mata garin. Ranar dai waken mutum biyu ta haɗa a bokiti ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Asabar bayan la'asar maza suka zauna a tabarmi a tsakar gidan Baffa a Madaki, mata suka rakuɓe bakin ƙofar ɗaki. Nan ne wurin Suwaibatu shekara ashirin da shida. Matar da ake ji daga bakin titi, a gidan surukai gaisuwarta ma sai an sunkuyo ake ji. Hikima ta durƙusa ta yi bayani a tsanake, ta nuna takarda, ta faɗi sunayen matan da za su tafi tare. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin rawaninsa.

"Hikima, ban raina aikinki ba. Amma na binne ɗaya, ba zan kai wata tasha da hannuna ba. Taro kuma da ke da babu ke za a yi shi. Akwai mai magana?"

Al'ada ce kawai tambayar, ba a amsa ta. Suwaibatu ta dubi bayan 'yarta, ta ga yadda kafaɗunta suka sauka. Tausayi ya kama ta, haushin kanta ma ya kama ta. Uwa ta tsaya wa 'yar fari a gaban surukai, wannan abin faɗe ne har ruga. Ta san haka sarai, ta kuma ji bakinta ya buɗe.

"Baffa, ina da magana."

Da muryar bakin inji ta fito, har wata kaza ta tashi daga gindin randa. Kowa ya juyo.

"Allah ya jiƙan Shafi'u. A nan cikin gari abin ya same shi, ba a Habasha ba. Waɗanda suka mutu a kasuwa kayan miya suka je saye. Mun zauna gida, bai bar mu ba. Kullum ku maza kuke zama ku yanke, a nan da can, mu kuma a kawo mana marayu mu riƙe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Baffa. Matan nan 'yan gudun hijira sun ba yarinyar nan amana, ni nake niƙa musu, na san abin da suka ba ta." Ta nuna Hikima da hannu. "Aka ɗauke ta ban ce komai ba. Aka sa ta makaranta, aka zaɓa mata abin da za ta karanta, ban ce komai ba. Yau ɗaya nake roƙo. Ni na haifi Hikima, kuma na yarda ta je."

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, Suwaiba!" Hikima ba ta juyo ba. Baffa ya dubi Suwaibatu. Shi ma Bafulatani ne, ya san abin da matar ƙanensa ta ajiye kafin ta faɗi sunan nan.

"Tunda uwarta ta ce," ya faɗa a hankali, "ni zan kai ta tasha da kaina. Allah ya kiyaye hanya."

Kafin magariba suka kama hanyar Tudun Wada a keke napep, su biyu a baya. Suwaibatu ta juya fuska waje tana kallon shagunan teloli kamar yau ta fara ganinsu.

"An ce garin nasu da sanyi," ta ce wa titi. "Mutum ya nemi rigar kirki."

"To, Adda." Suka wuce shingen sojoji. Can Hikima ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Adda, ki ƙara faɗa mana."

"In faɗi me?"

"Sunan. Ban ji da kyau ba."

"Ke, rufe mini baki. Duk Madaki sun ji, ke ce kurma?"

Ba ta juyo ba. Amma ta ƙarƙashin hijabi ta laluba ta kamo hannun 'yarta, ta riƙe gam, ba ta saki ba har ƙofar gida.