Munazarar da Na Ci a Hayyin Ashir

Ina shekarata ta uku a Alƙahira lokacin, kuma abin tinƙahona bai wuce ɗaya ba: ba a taɓa kayar da ni a munazara ba, wato muhawarar ilimi. Karatuna tsaka-tsaki ne, Larabcin kan titi kuwa har direbobin mikrobas, ƙananan motocin haya, dariya suke yi mini. Amma a ba ni mas'ala a ce in kare ta, ko ban yarda da ita ba, sai na kai abokin karawata ƙasa.

Al'ada ce tamu, mu ɗaliban da muka fito daga jiha ɗaya. Duk Alhamis bayan la'asar mukan haɗu a gidan shugaban ƙungiyarmu a unguwar Hayyin Ashir, hawa na biyar, kowa ya iso yana haki. A zaɓi mas'ala, a rubuta "ya halatta" a 'yar takarda, a rubuta "bai halatta ba" a wata, a nannaɗe su a jefa cikin hula, mutum biyu su sa hannu. Abin da ka ɗauko shi za ka kare, ko da zuciyarka tana ɗaya ɓangaren. Haka muka tarar waɗanda suka riga mu zuwa suna wasa ƙwaƙwalwa. In an gama, shugaba ya faɗi maganar da malamai suka rinjayar, a sha shayi, a watse. Duk wanda ke ɗakin ya san atisaye ne, kuma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu yadda abin zai kasance a idon wanda ba ya ɗakin ba.

A wannan shekarar Yayata tana cikin tashin hankali a gida. Nas ce a ɗakin haihuwa na asibitin garinmu, ta fi shekara ashirin tana aikin. Ita ta kama hannuna ta kai ni firamare, ita ta raka ni filin jirgi da zan taho. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, suna zaune da Inna su biyu. Wata rana aka kawo wata mata da cikin wata huɗu, ruwa ya fashe tun kwana uku, jikinta ya ɗau zafi, jini na zuba. Likita ya ce in ba a fitar da cikin ba matar ba za ta kwana ba. Mijin yana kan hanyar Kudu da motar kaya, waya ba ta shiga. Yaya ta sa hannu a takarda, ta tsaya aka yi aikin, matar ta rayu. Da mijin ya dawo, danginsa suka ce an zubar musu da ciki ba da izininsu ba. Likitan ya samu aiki a wata jiha ya kama gabansa, aka bar Yaya da sa hannunta. Aka dakatar da ita, aka ce ta jira kwamiti.

Tana da mutum ɗaya da take sa rai da shi, ɗan majalisar jiha mai wakiltar garinmu. Shi ne ya kai ƙudirin da zai fayyace cewa in ran uwa na cikin haɗari, likita da nas su yi aikinsu ba sai an jira miji ba, kuma ba za a kama su da laifi ba. Har rediyo ya shiga yana kare ƙudirin, yana cewa ya gaji da zuwa jana'izar mata. Yaya ta turo mini muryar nan tasa har sau biyu.

Sai ga saƙonta wata safiya ina shirin fita makaranta.

"Ustazu," haka take kirana tun na fara tsayar da gemu, rabi tsokana rabi alfahari, "na ji an ce Honarabul zai zo nan wurinku ganin likita. Don Allah ka samu ganinsa. Ba kuɗi nake so ba. Ka ce masa kawai ya yi wa kwamitin nan magana, su saurare ni kafin su yanke. Kai da ka iya baki."

Na ce mata ta ɗauka an yi an gama. Har yau ina jin kunyar yadda na faɗe ta da ƙarfin gwiwa.

Manyan gida in sun zo Masar neman lafiya, ba sa komawa sai sun ga ɗalibai. A ɗauki hoto da mu cikin jajayen hulunanmu masu farin rawani, a kai gida a nuna. Mu kuma ba ma ƙi, don ranar muke cin naman da ba na kantin daskararru ba. Honarabul ya sauka a wani otal a Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya aiko cewa zai zo zaman Alhamis ɗinmu, yana so ya ga yadda 'ya'yan jiha suke karatu. Sakatarensa, wani mai furfura da wayoyi biyu a hannu, ya ba shugaba shawarar a tattauna zubar da ciki don ceton uwa, tunda shi ake ta cece-kuce a kai a gida. Da na ji haka sai na yi murna. Na ce ga ƙofa ta buɗe da kanta.

Ranar ɗakin ya cika har bakin ƙofa, kowa ya sha guga. Honarabul ya hau benen da ƙyar, aka ba shi kujera ɗaya tilo mai hannu. Shugaba ya kira ni da abokin ɗakina, mutum mai zurfin karatu amma mai nauyin baki. Muka sa hannu a hula. Na warware tawa, na ga "bai halatta ba".

Abokin ɗakina ya san maganar Yaya, don a gabansa nake sauraron saƙonninta. Ya matso ya ce a hankali, "Kawo mu yi musaya, ba wanda ya gani."

Na ce a'a. Na sha ba kaina dalilai daga baya: wai ƙa'ida ce ba a musaya, wai ina so in burge Honarabul don ya ba ni kunne in an tashi. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Babbar gaskiyar ita ce ɓangaren hani ya fi daɗin karewa, ya fi tsawa, kuma ga babban baƙo a zaune. Ban so a ce na guje wa takarda ba, kuma ban so a ce ranar da aka yi baƙo wani ne ya haska.

Na miƙe na gyara hula. Na jawo ayoyi, na jawo hadisai, na kawo mafi tsananin abin da malaman mazhabarmu suka faɗa, na ɓoye inda su da kansu suka yi togiya. Na san wurin togiyar sarai, har shafin na sani. Ɗaki ya ɗau zafi, ana ta "Allahu akbar", ni kuma kaina ya daɗa girma. Can na ɗaga yatsa na ce duk hannun da ya taɓa cikin nan, na likita ne ko na nas, zai tashi gobe ƙiyama da jini a kansa. Na ga sakataren ya ɗaga waya yana ɗauka. Maimakon gabana ya faɗi, sai na ƙara juyowa wajensa don ya same ni da kyau.

Abokin ɗakina ya tashi ya faɗi gaskiyar magana, cewa uwa ita ce tushe, kuma in likitoci sun tabbatar za ta mutu, malamai sun ce a cece ta. Ya faɗe ta yana in'ina, yana duba takarda. Kafin ya kai ƙarshe sakataren ya mayar da waya aljihu. Da shugaba ya zo rufewa ya ce a ilimi maganar abokina ce daidai, a iya zance kuma ni na ci, Honarabul yana baranda yana amsa kira.

A kan bene na tare shi, tsakanin hawa na uku da na biyu, inda ya tsaya ya huta.

"Ranka ya daɗe, ni ƙanin nas ɗin nan ne da aka dakatar a asibitin gida."

Ya dube ni da kyau. "Kai ne ƙaninta? Ikon Allah. Ai na san ta, mace mai ƙoƙari."

Na faɗa masa saƙonta kamar yadda ta ba ni. Ya saurara yana share gumi da gefen babbar riga.

"Ustaz, kai ma ka san gida. Limamai sun sako ni gaba a kan mumbari. Abokin takarata yana bi ƙauye-ƙauye yana cewa ni ne mai son halatta zubar da ciki. Zaɓe ya matso. In na faɗi, wa zan taimaka? Ƙudirin nan janye shi zan yi in na koma. In kuma aka ji na sa baki a maganar yayarka, shi ke nan an gama da ni. A bari a wuce zaɓe."

"Ranka ya daɗe, kwamitin ba zai jira zaɓe ba."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish." Wato in yi haƙuri. Kwana shida ya yi a Masar, kalmar da ya koya ke nan, kuma ya iya sa ta a inda 'yan ƙasar suke sa ta. Ya ci gaba da sauka.

Na hau sama ina tafasa. Na zauna ina zagin 'yan siyasa, masu yin amai su lashe, waɗanda addininsu ke tashi daidai da lokacin kamfen. Na yi ta zuba, abokai suna gyaɗa kai. Ko sau ɗaya wayar sakataren ba ta faɗo mini a rai ba. Na kira Yaya na ce mutumin ya juya baya, ta ce Allah na nan.

Bayan kwana goma wani ɗan ajinmu na sakandare ya turo mini bidiyo, da saƙon "Malam, Allah ya ƙara basira." Ina cikin mikrobas ne za ni makaranta. Na buɗe na ga kaina, da jar hula, da ɗagaggen yatsa. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Babu hular takardu a ciki, babu abokin ɗakina, babu rufewar shugaba. A ƙasa an rubuta cewa malaman jiharmu da ke Masar sun goyi bayan Honarabul kan janye ƙudiri. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da direba ya ce khalas, nan ne ƙarshen hanya.

Na yi abin da zan iya. Na zauna na ɗauki wani bidiyon, na bayyana al'adar takardu, na kawo maganar malamai da shafukanta. Shugaba ma ya yi nasa. Amma magana zarar bunu ce. Nawa na biyu ya yi tsawo, babu tsawa a ciki, waɗanda suka kalla ba su wuce mu da muke ɗakin ba. Wasu ma suka rubuta a ƙasa cewa an saye ni. Na farkon kuwa har a lasifikar motar kamfen aka riƙa sa shi ranar kasuwa.

Kwamiti ya zauna. An ce ɗaya daga cikinsu ya ɗora wayarsa a tebur ya kunna bidiyon farko, ya ce to ga abin da ƙaninta na ciki ɗaya ya faɗa, shi da ya je Masar karatu. Ban sani ba ko da ma sun riga sun yanke, kuma ba zan taɓa sani ba. Suka yi mata ritayar dole.

Kwana biyu ina kiranta ba ta ɗauka. Rana ta uku bayan azahar ta ɗauka. Na soma bayani tun kafin in gama gaisuwa, ta bar ni har na ƙare.

"Na ji, Ustazu. Na kalli na biyun ma." Muryarta ba faɗa a ciki, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Abu ɗaya zan tambaye ka, don kai ka yi karatu. Abin da na yi, ina da zunubi?"

"Wallahi Yaya ba ki da shi. Lada gare ki. Rai kika ceta."

Na ji ta ja numfashi. Na gane ashe kwanakin nan ba aikin kaɗai take wa kuka ba, ta zauna ne tana tunanin ko ƙaninta ya san wani abu da ita ba ta sani ba. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar wannan lokacin ba.

"To ka faɗa wa Inna," in ji ta. "Tun ranar da aka kunna mata na farkon a gidan suna, ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. Gidan Kawu ake kawo mata."

Ta kai wa Inna wayar. Na gaishe ta, ta sa mini albarka kamar kullum, ta tambayi sanyin Masar. Sannan na fara. Na yi mata bayanin hula da takardu biyu, na ce wasa ne na ɗalibai, na ce abin da na faɗa ba shi ne hukunci ba. Na sauƙaƙa mata maganar malamai yadda za ta gane, na rantse mata har sau uku. Ban taɓa kare wata magana da dukan zuciyata kamar ranar ba. Inna ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na yi shiru sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, auta. Ka ji tausayin 'yar'uwarka, kuma haka ake so. Amma ni na ga fuskarka a wancan, na ga yadda kake magana. Wannan na yau don ita kake yi. Na farkon shi ne wanda ka faɗa don Allah."

Na ce, "Inna, ki tsaya ki ji."

Ta ce an kawo abincinta daga gidan Kawu, zai huce.