Masu Jiran Kaza

Warin tsohon gero ne ya tuna mini da kakata, jiya da na kwance buhu a ɗakin ajiya. Mai karatu, matar nan ba ta haɗa hatsin bana da na bara. A gidanmu na Bolewa hatsin kowace shekara da rumbunsa. Takan ɗebi tsaba ta dubi launinta, sannan ta shinshina, daga ƙarshe ta tauna, sai ta faɗi shekararta da irin ƙasar da aka noma ta.

Haka take yi wa sama. Idan damina ta gabato, bayan sallar asuba takan tsaya bakin rijiya tana neman tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Sai ta hango su a gabas take barin baffannina su ɗauki sungumi. "Waɗannan ƙyanƙyasa ɗaya ce," in ji ta. Ba wanda ya taɓa kiranta bokanya.

Bana 'yata ta samu gurbin ƙaro karatu. Ta zaunar da ni ta bayyana mini aikin: rarraba tarin taurari da ke cikin manyan garkunan taurari maƙwabtan garken da duniyarmu take ciki. Ana fara duba launi. Mai shuɗi-shuɗi yaro ne, mai ja-ja ya tsufa. Sannan a tsaga haskensa da na'ura a ga yawan ƙarfen da ke ciki. Wanda ƙarfensa ya yi kaɗan, tun farkon zamani yake. Na ce wannan ai aikin kakata ne.

Amma ƙaramin baffana, wanda shi kaɗai ya rage, ya tara dangi a zaure. "Ilimin taurari? Duba za ka tura ta ta koyo? Gobe ta dawo tana buga mana ƙasa!" Aka yi ta gyaɗa kai, aka ce kada in sa hannu a takardar amincewa da tafiyarta. Ko mutum ɗaya bai kira yarinyar ya tambaye ta ba.

Takaici ya ishe ni. Na ce, "Baffa, damina nawa ka yi kana jiran Kaza kafin ka yi shuka?"

"Wannan daban."

"Ta ina?"

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Na sa hannu, ranar Litinin na raka ta tasha. A da, mutanen gidanmu suna ɗaga kai su duba da idonsu kafin su yanke magana. Yanzu jin sunan abu ya ishe su. Kafin in iso gida, biyu daga cikin masu gyaɗa kan nan sun tare ni a lungu, murya ƙasa-ƙasa, wai idan ta zo hutu ta duba musu ko kasuwar shanun bana za ta yi kyau.