Kaset ɗin Gwajin Kakana

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakana, mahaifin Mama, wanda direbobi suka sani da Baba Mai Rediyo. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Kaka, shekara arba'in ka yi a ɗan shagonka na bakin tasha kana gyaran rediyon mota, irin na da, mai cin kaset. Bayan an tashi makaranta nakan zo in zauna a kan tsohuwar sifika, kana aiki ina miƙo maka sukudireba. Shagon kullum ƙaurin dalma yake. Kanta cike da rediyoyi masu nauyi, kowanne ka san motar da aka ciro shi.

Kana son waɗanda suka ƙera su, ko da yake ba ka taɓa ganin ko ɗayansu ba. Akwai wani maƙeri da yake ɗiga jan fenti a kan kowane noti da ya ɗaure. Duk ranar da ka buɗe rediyo ka ga jan ɗigon, sai ka washe baki ka ce, "A'a, abokina ne! Ina gajiya?" Ka ce mutumin da ya gyara wurin da ba mai gani, mutumin kirki ne. Na zamani kuwa, masu memori, sai ka ɗaga su da yatsa biyu ka ce, "Wannan ko takarda ba zai danne ba."

Ba ka gwada rediyo da waƙa. Ka ce ganga tana ɓoye ciwon rediyo, amma siririyar murya ita ke fara dushewa idan ciki ya yi datti. Don haka ina aji huɗu ka ba ni littafina na karatu, ka danna maɓalli, ka ɗauki muryata ina karanta labarin wata akuya. Wannan ya zama kaset ɗin gwajinka. Duk rediyon da ka gyara, sai akuyata ta bi ta cikinsa kafin mai shi ya tafi. Wani direban babbar mota ya taɓa tambaya, "Baba, wace 'yar jarida ce wannan?" Ka ce, "Amaryata ce, kuma ta fi ƙarfinka." Ni kuwa ina bayan kanta, na rufe fuska da mayafi.

Bara, da za mu gama firamare, shugabar makaranta ta zaɓe ni in karanta jawabin bankwana, don ni na rubuta shi. Ina so ƙwarai. Amma ranar gwaji na tsaya a gaban aji, murya ta ƙi fita. Shugabar ta ce idan ban iya ba zuwa Litinin, wata za a ba takardata ta karanta.

Na zo shago ina kuka. Ba ka lallashe ni ba. Ka saukar da tabaronka mai ɗaurin waya, ka dube ni kamar yadda kake duban rediyo, ka ce, "Amarya, muryarki ta shiga mota ta fi ɗari biyar, ba wanda ya dawo da ita. Lafiyarki ƙalau, sauti kawai aka rage." Kwana uku kana tsayar da ni a ƙofar shago ina karantawa, kai kana tsallaken titi wurin mai faci, kana cewa ba ka ji ba.

Ranar bikin ka rufe shago, ka zo da rigarka mai tabon dalma a hannu, ka zauna can baya. Na fara a hankali. Da na ɗaga kai, sai na ga ka ɗaga hannu kana murɗa yatsu a iska, kamar mai ƙara sautin rediyo. Na ƙara. Ka sake murɗawa, na sake ƙarawa, har shugabar makaranta ta ja lasifika baya kaɗan. Sai ka ɗan mayar da yatsun baya, ka gyaɗa kai. Na karanta har ƙarshe. Mama ta ce ba ta san ina da wannan muryar ba. Ka ce mata, "Ke ce ba ki da mota."

Ina yi wa Mama ta'aziyya, da Kawu, da Gwaggo, da jikoki duka, da direbobin da suka cika ƙofar gidanmu kwana uku. Allah ya ba mu haƙuri.

Kawu ya ga wannan rubutun, ya ce gobe idan dangi sun taru shi zai karanta musu. Na ce a'a, Kawu, ni zan karanta.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.