Mahauci a Layin Hoton Ƙoda

Malam Zaharaddin, mai bakin da ba ya hutawa, yau shi ne abin dariya a asibiti. An ce ya cika mara da ruwa kafin a yi masa hoton ƙoda. Ya ɗura, riƙo ya gagara, ya ruga bayi, kuma a daidai lokacin aka kira sunansa. Ga shi a ƙarshen benci yana sabon sha.

Daga nan yake kallon wani dattijo ƙaƙƙarfa mai guntun gemu, yatsun hagunsa duk tabon wuƙa. Ba sai an faɗa ba, mahauci ne, kamar ma ya taɓa ganinsa a kasuwar Kurfi. Dattijon ya dafe kwiɓi. Wanda ya saba tsaga ƙodar rago ya san kamannin ruɓaɓɓiya, wataƙila ita yake hangowa a cikinsa.

An kira dattijon. Ta gefen labule ana ganinsa kwance, an shafa masa mai, yana ta murɗa wuya don ya leƙa allon na'urar.

"Duka biyun lafiya lau, Baba," in ji ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton. "'Yar tsakuwa ce, ka yawaita shan ruwa."

Ya fito yana goge ciki da gefen riga, yana ta hamdala.

Zaharaddin ya tare shi. "Sarkin fawa, tunda ƙodar taka mai kyau ce, nawa za ka bar mini ita?"

Dattijon ya ƙare wa tumbinsa kallo. "Malam, shiga tukuna. In sun iya tono taka daga cikin wannan kitsen, sai mu yi ciniki."