Gyaɗar Sayuba Ta Koma Garango

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, sha shida ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Sayuba Dabre, ɗan Garango, a kwanton ɓaunar da aka yi wa ayarin motocin da muke rakowa daga arewa. Shekararsa ashirin da huɗu.

Sayuba, ni ne Dirisa Nebiye, wanda ya hana ka sakat tun daga sansanin horo. Kai ɗan ƙabilar Bisa, ni Gurunsi, abokan wasa tun kakanni. Ranar farko na shaida maka cewa kai bawana ne, kuma duk danginku ba su san komai ba sai gyaɗa. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Yunwa ce ke damunka, ɗan talaka. Ungo." Wallahi na ji haushi, amma na ci.

Kowa na cika aljihunsa da harsashi, kai sai ka ware aljihu ɗaya don gyaɗar gonar mahaifiyarka, Inna Azeta. Sajenmu ya yi faɗa har ya gaji, ƙarshe shi ma ya koma miƙo hannu.

Ba zan manta farkon daminar bana ba, da muka kai hatsi garin nan da 'yan bindiga suka yi wa ƙawanya har mutanensa suka koma cin ganye. Ka ga wata tsohuwa, Iya Poko, zaune a gindin katangar makaranta. Ka ba ta abincinka, sannan ka juye mata ɗanyar gyaɗarka a zane ka ce, "Wannan kada ki ci, Iya. Shukawa za ki yi." Na ce, "Kai ka haukace ne? Mace na jin yunwa kana ba ta aikin gona?" Ko kallona ba ka yi ba. Ka ari fartanya ka yi mata kunyoyin shuka a bayan makarantar.

Da muka koma a wannan zuwan na ƙarshe, sai ga Iya Poko da ƙunshin sabuwar gyaɗa, har da ƙasa a jikinta. Ka yi ta tsalle kamar an ƙara maka girma. Na kai hannu ka doke shi ka ce, "Wannan ta Inna ce, ɓarawo."

A hanyar dawowa 'yan bindigar suka buɗe mana wuta a bakin gada. Motocin cike suke da marasa lafiya da mata masu ciki. Ba ka sauka daga kan babbar bindiga ba sai da motar ƙarshe ta haye. Ba wanda ya rasa ransa a cikinsu. Kai kaɗai muka ɗauko.

Bayan jana'iza ƙanwarka Safura ta kira ni tana kuka, wai Inna ta ƙi cin komai, ko ruwa sai an yi da gaske, har ta daina tashi. Dattawa sun yi magana, liman ya yi, a banza. Ka san aikin abokin wasa ne ya fasa zaman makoki, amma na rantse maka ban taɓa jin tsoro a fagen daga kamar yadda na ji a ƙofar gidanku ba.

Na shiga na ɗaga murya: "Ina uwar bawan nan nawa? Ya tafi ya bar ni da dakon gyaɗa!" Na durƙusa na kwance ƙunshin a gabanta, na ba ta labarin Iya Poko. Ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannunta, sannan ta ce, "Irina ne wannan." Ta ɓare ta ci. Da na miƙa hannu sai ta harare ni ta ce, "Ɗauke hannunka, mayunwacin Gurunsi. Saura na shuka ne." Safura ta yi dariya da hawaye, ta tashi ɗora tukunya.

Allah Ya jiƙan ka, Sayuba, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya ba Inna Azeta da Safura da dukan mutanen Garango haƙuri, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Inna ta ce in zo huɗa baɗi. Zan zo, in Allah Ya so, ko da duk Bisa za su taru su yi mini dariya.