Kafaɗar da Ta Ɗauki Kyamara

Dako nake yi a kasuwar Dei-Dei lokacin da wani mai shirya fim ya ɗauke ni aiki, don ya ga buhun siminti ba ya motsi a kafaɗata in ina tafiya. Ya sa masu walda a unguwar Apo suka haɗa wani ƙarfe mai ɗamara, aka ɗaure mini shi a ƙugu da kafaɗa, kyamara tana zaune a kai. Ya koya mini in lanƙwasa gwiwa, in taka a hankali, in riƙe numfashi.

Ran nan muna ɗauka a kasuwar shanu, wani bijimi ya tsinke igiya ya nufo ni.

Na ce, "Oga, zan kauce."

Ya ce, "Tsaya cak, ƙaton banza. Wannan nake so."

Na tsaya. Bijimin ya maka ni da ƙasa, ƙarfen ya karya mini ƙashin kafaɗa. Mutanensa suka rugo suka kwance kyamarar, suna hure mata ƙura. Oga ya kalli hoton, ya ce wurin faɗuwar ya fi kyau.

Kafaɗar ba ta ƙara ɗaukar buhu ba. Yanzu gadi nake yi.