Tsamiyar Malam Sada

Har gobe ba na mance ranar da Inna Rabi ta shigo ofishinmu na gandun daji a Batsari da buhun littattafai a ka. Lokacin ina malamin daji. Aikina in duba itace in rubuta rahoto, oga ya sa hannu, a shafa jan fenti, a sare.

Mijinta, marigayi Malam Sada, malamin firamare ne. Ya ƙare rayuwarsa yana bin tsuntsaye da fensir daga Karare har Safana, har ana cewa ya taɓu. Ko kurciya bai taɓa harba ba don ya zana ta. Zama yake yi har ta saba da shi.

Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, kai ka rubuta a sare tsamiyar bakin rijiyarmu?"

Na ce ni ne, Inna. Mai katako ya nema, na je da rani, na ga rabinta a bushe, ba komai a samanta sai tarin ƙirare.

Ta buɗe ɗaya daga littattafan zanen mijin nata. Tsamiyar ce shafi bayan shafi, kowace shekara ga shamuwa zaune kan ƙiraren nan, ga ranar saukarta a rubuce a ƙasa.

"In sun sauka muke fito da iri," ta ce.

Wallahi kunya ta rufe ni. Ɗan manomi guda, in ga sheƙa in kira ta ƙirare.

Oga ya riga ya sa hannu, Alhamis za a sare. Wanda ya janye rahotonsa kuwa takardar tuhuma ce rabonsa, ga shi ina jiran ƙarin girma. Duk da haka na shiga wurin oga.

"Ranka ya daɗe, rahotona kuskure ne."

"Ka san abin da kake jawo wa kanka?"

"Na sani."

Ya kore ni. Washegari na koma, ya sake kora ta. Ran Laraba na shimfiɗa masa littafin a tebur, na ƙi fita. Ya yi ta juya shafi, sannan ya soke izinin, ya miƙo mini tuhumata. Ƙarin girma ya wuce ni a wannan karon.

Da kaina na hau babur na je na kankare fentin da adda.

To ku yaran yanzu, kada ku yanke wa itace hukunci da gani ɗaya. Ku tambayi masu zama ƙarƙashinsa. Inna Rabi ta bar mini littafin ƙarshe, rabinsa fari. Ban iya zane ba, amma duk shekara ina rubuta ranar saukar shamuwa.